Na sayi had dis mai tera 4 amma rabi kaɗai yake ba ni

Mai Kyamara, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Masu ilimin kwamfuta don Allah a duba min wannan, kaina ya kulle.

Sana'ata ɗaukar bidiyo ce: biki, suna, walimar sauka, taron makaranta, da azumi kuma ina ɗaukar tafsiri a wani masallaci a cikin gari. Kyamarorin yanzu ba sa tausayin wuri. Biki ɗaya daga kamu zuwa buɗar kai sai ka ga ya lashe sama da giga 100 tun ba a fara tacewa ba. Ƙananan had dis ɗina duk sun cika, shi ne na daure na sayi babba mai tera 4, irin na cikin destof, a wani shago a Sabon Gari. Yaron da ke taimaka min a shago shi ya ɗaura shi, ya yi masa fomat, ya ce min an gama. Kwamfutar tsohuwa ce amma tana da ƙarfi, Windows 10 ne a kanta, kuma shi Windows ɗin yana zaune ne a wani ƙaramin SSD daban, wato ma'ajiya mai sauri irin ta cif. Sabon don ajiya kawai na saye shi.

Na yi ta zuba aiki a ciki har wajen tera 1.4, sannan na lura jan layin nan na cika ya kusa fitowa. Da na duba sai na ga tera 2 kacal aka rubuta a ƙarƙashinsa. Na shiga Disk Management, ga abin da na gani da idona. A gefen hagu an rubuta Disk 1, 3726 GB. A dama kuma an raba shi gida biyu: na farko mai shuɗin layi, 2048 GB, NTFS, nan kayana suke. Na biyu mai baƙin layi, 1678 GB, an rubuta Unallocated. In na danna dama a kan baƙin, New Simple Volume ya dushe, ba ya dannuwa. In na koma kan shuɗin, Extend Volume shi ma ya dushe. Akwai wani Convert to GPT Disk da na gani a gefe, shi ma haka.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne na jiya. Wani maƙwabcin shagona ya ce madabod ɗina ce ta tsufa, in cire had ɗin in sa a kes na USB in gwada a laftof. Ina da wani tsohon kes mai adaftarsa da na daɗe da shi, na sa. Laftof ta nuna girman had ɗin gaba ɗaya 1678 GB ne, ba ta nuna folda ko ɗaya ba, kuma ta fito da saƙo wai sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi. Gabana ya faɗi. Ban danna komai ba, na zare na mayar da shi destof, alhamdulillahi kayana suna nan.

Tambayoyina: ina giga 274 da suka ɓace tsakanin 4000 da 3726? Yaya zan buɗe baƙin ɓangaren nan ba tare da na rasa aikin mutane ba? Ko jabu aka sayar min ne in mayar tun da wuri? A sani cewa mafi yawan abin da ke ciki ba shi da kwafi a ko'ina, domin katin kyamara gogewa nake yi in sake ɗauka. Akwai bikin da amarya ta biya kuɗi cif tana jira, akwai kuma hawan sallar da na ɗauka a ƙofar fada wanda ba zai maimaitu ba.

Ɗan Kwangila:

Oga wannan ai ba matsala ba ce. Buɗe cmd, baƙin allon nan na rubuta umarni, rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk 1, sai clean, sai convert gpt. Minti biyu ka gama. Na yi wa mutane da yawa.

Mai Gyara, Samaru:

Wa alaikumus salam. Malam Mai Kyamara, kafin komai: KADA ka rubuta clean ɗin nan. Ƙanena na Kwangila, hanyarka daidai ce ga had ɗin da babu komai a ciki, amma mutumin nan ya ce bikin mutane ne a ciki kuma babu kwafi. Clean ba ya tambayarka ko ka tabbata, kana danna Enter ya share teburin fatishin, wato inda aka rubuta yadda aka raba had ɗin ɓangare-ɓangare, had ɗin ya koma kamar yau aka ɓare shi daga leda. A riƙa karanta tambaya har ƙarshe.

To Malam, kwantar da hankalinka. Daga lambobin da ka kawo, had ɗinka lafiyarsa ƙalau, madabod ɗinka ma ba ta da laifi. Na ji daɗi da ka kawo lambobin yadda suke, domin mafi yawan masu zuwa shagona cewa kawai suke yi "ya ƙi cika", sai na yi ta tonon magana.

Giga 274 ɗin nan ba wanda ya sace su. Masu ƙera had dis suna ƙirga giga ɗaya a matsayin bayit 1,000,000,000. Windows kuma yana ƙirga ta a matsayin 1,073,741,824, wato 1024 sau 1024 sau 1024. Ka ɗauki bayit tiriliyan 4 ɗinka ka raba da wannan lambar, za ka faɗo kusa da 3726. Haka mai tera 1 yake nuna 931, mai tera 2 yake nuna 1863. Ko a wane shago ka saya a duniya haka za ka gani, don haka cire wannan daga ranka.

Ainihin matsalar ita ce lokacin da yaronka ya ɗaura had ɗin, Windows ya tambaye shi MBR ko GPT, ya zaɓi MBR. MBR shi ne tsohon tsarin teburin da ake rubutawa a farkon had dis, wanda ke faɗin inda kowane fatishin ya fara da inda ya ƙare. GPT shi ne sabon tsarin. MBR tun 1983 yake, zamanin DOS. Gurbin da ya ware don rubuta lambar sakta, ƙananan gidajen da bayanai ke zama a had ɗin, bit 32 ne kawai, wato mafi girman abin da zai iya ƙirgawa shi ne sakta 4,294,967,296. Kowace sakta bayit 512 ce. Ka ninka su za ka samu giga 2048 daidai, ba ƙari ba ragi. Ka ga lambar shuɗin ɓangarenka ke nan. Kamar mutum ne ya sayi fili babba amma takardar awon ta tsaya a tsakiya: sauran filin yana nan, naka ne, sai dai ba za ka iya gini a kai ba sai an sake takarda. Shi ya sa duk maɓallan suka dushe. Shi kuma Convert to GPT Disk, Windows ba ya kunna shi sai babu fatishin ko ɗaya a had ɗin.

Maganar maƙwabcinka a kan madabod tana da tushe amma ba a nan ba. In kana so Windows ya tashi daga had mai GPT, dole madabod ta zama mai UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta da ya gaji BIOS. Kai kuwa Windows ɗinka yana kan SSD, wannan na ajiya ne kawai. Tun daga Vista Windows yana karanta had ɗin ajiya mai GPT ko da tsohon BIOS ne. XP mai bit 32 ne ba ya iyawa.

Yanzu batun kes, nan nake so ka buɗe kunne. Lambar da nake fara dubawa a kowane had dis ita ce ta gefen hagu, ta jimilla, ba ta fatishin ba. In ta nuna 3726, kwamfuta tana ganin had ɗin har ƙarshensa, abin gyara tebur ne kawai. In ta nuna 1678, to wani abu a kan hanya ne yake yanke shi. Lissafa da kanka: 3726 a cire 2048, saura 1678. Ɗan guntun cif ɗin da ke cikin tsohon kes ɗinka shi ma iyakar ƙirgarsa bit 32, da ya kai ƙarshe sai ya zagayo ya fara daga sifili, ya ba laftof ragowar kawai. Laftof kuma ta ga fatishin mai giga 2048 a kan had ɗin da aka ce mata 1678 ne, abin bai haɗu ba, sai ta ce a yi fomat. Da ka danna, da yanzu wata maganar muke yi. Mai tera 3 in ya faɗa irin wannan kes 746 yake nunawa, na ga wannan lambar har na haddace ta. Tsohon direban Intel na SATA, wato hanyar da had yake jonuwa da madabod, wanda bai kai siga ta 10.1 ba, shi ma haka yake yi ko babu kes. Wannan kes ka ajiye shi don had ɗin da bai wuce tera 2 ba, kada babban ya sake shiga cikinsa.

Shawarata: nemo wani had mai tera 2, aro ko haya, ka kwashe komai. In ka gama, danna dama a kan babbar foldar ka duba Properties a ɓangarorin biyu, yawan fayil da girma su zo ɗaya, ka buɗe wasu bidiyon ka ja su zuwa tsakiya da ƙarshe. Sannan ka goge fatishin ɗin, Convert to GPT Disk zai kunnu, ka yi sabon fatishin, ka dawo da kaya. In ta USB 3 ne, mai shuɗin baki, tera 1.4 zai ci awa uku zuwa huɗu. In ta tsohon USB 2 ne ka shirya wa awa goma sha biyu ko fiye. Kada ka fara sai kana da inbata ko UPS mai rai, ka san yadda wutarmu take.

Mai Kyamara, Tudun Wada:

Injiniya Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Wallahi sai yanzu na ji numfashina ya dawo. Lissafin 3726 a cire 2048 ɗin nan na yi shi a waya ina dariya ni kaɗai.

Amma akwai abu biyu. Wani ya turo min cewa Windows 10 yana da wani abu mbr2gpt da ke juyawa ba tare da goge komai ba, me ya sa ba za mu bi nan ba? Sannan har yanzu zuciyata ba ta gama natsuwa da mai shagon ba. Ledar had ɗin a buɗe take da ya ba ni, ya ce sun buɗe ne don gwaji. Yaya zan gane sabo ne ko na hannu?

'Yar Kongo:

Salam. Malam, mbr2gpt gaskiya ne yana nan tun Windows 10 na 2017, amma an yi shi ne don had ɗin da Windows yake zaune a kai, don a mayar da kwamfuta daga BIOS zuwa UEFI. In ka nuna masa had ɗin ajiya zai duba ya ce bai cika sharaɗi ba, ya tsaya. Abin tsoron ma kada garin gwaji ka juya SSD ɗinka, kwamfutar ta ƙi tashi.

Injiniya, na yarda da duk bayaninka, kuma kwafi dole ne, ba mai jayayya. Inda na saɓa da kai shi ne goge fatishin. Duba: daga lokacin da ya goge har ya gama dawo da kaya, aikin mutane gaba ɗaya yana kan had ɗaya tal, na aro, wanda ba mu san tarihinsa ba. In wannan ya yi tari a tsakiya fa? Ni na fi son ya kwafa, sannan ya juya teburin a inda yake, kayan na zaune. In ya yi kyau, ya huta da awannin dawo da kaya. In ya ɓaci, ga kwafi. Ko ta ina yana da biyu har zuwa minti na ƙarshe.

Kayan aikin kyauta ne, sunansa gdisk, yana cikin Linux, wani tsarin aiki ne kamar Windows. Ba sai ka sa Linux a kwamfutarka ba, Ubuntu, wani nau'in Linux, a filash ya isa, ka tashi daga filash ɗin ka zaɓi gwadawa kawai. Had ɗin ya kasance a jone da kebul ɗin SATA a cikin destof, ba kes ba. Kafin nan ka kashe Windows kashewa ta gaske, ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down, domin in ba haka ba rabin barci yake yi.

A Terminal, allon rubuta umarni na Ubuntu, ka rubuta lsblk, ka nemi wanda girmansa 3.6T, ka lura da sunansa, misali sdb. Ka tabbata, ka sake tabbatawa, domin sunayen suna canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Sai sudo gdisk /dev/sdb. Zai gaya maka ya ga MBR kuma ya juya shi zuwa GPT a ƙwaƙwalwa kawai, bai taɓa had ɗin ba tukuna. Danna p ya nuna maka teburin. Ya kamata ka ga fatishin ɗaya, ya fara daga sakta 2048, lambar nau'insa 0700. Ɗauki hoton allon da wayarka, domin in wani abu ya faru waɗannan lambobin su ne za su dawo da kai gida. In komai ya yi daidai ka danna w ya rubuta. In wani abu ya yi maka baƙo ka danna q ka fita, ba abin da ya canza.

Dalilin da ya sa naka yake da sauƙi: GPT yana buƙatar ɗan wuri a farkon had, sakta 34, da wani a can ƙarshe inda yake ajiye kwafin teburinsa. Windows dama yana barin mega ɗaya fanko a farko, ƙarshen naka kuma duk fanko ne. Bidiyonka ko bayit ɗaya ba za a motsa ba. Wannan kwafin na ƙarshe kuma shi ne ƙarin dalilin guje wa tsohon kes, tunda kes ɗin bai san inda ƙarshen yake ba.

Mai Gyara, Samaru:

Malama, hujjarki ta fi tawa, na karɓa. Abin da ya sa nake tura mutane doguwar hanya shi ne na sha ganin wanda ya rubuta sda a maimakon sdb. Malam, in hannunka bai saba da baƙin allo ba, cire kebul ɗin SSD da duk wani had kafin ka fara, ya zama daga filash sai shi.

Batun sabo ko na hannu: sauke CrystalDiskInfo, kyauta ne. Yana karanto bayanan da had ɗin yake rubutawa game da kansa. Duba Power On Hours da Power On Count. In ka saye shi kwanan nan ka ga awa dubu ashirin, ka san ya yi aiki a wani wuri kafin ya zo Zariya. Sannan duba layuka uku masu lamba 05, C5 da C6. Na farko saktocin da suka lalace aka musanya su, na biyu waɗanda ake zargi, na uku waɗanda suka gagara karantuwa. Ana so duka su zama sifili. Ka kuma gwada lambar samfur da siriyal da manhajar ta nuna da wadda ke jikin takardar had ɗin. Akwai masu iya mayar da awannin sifili, don haka ka dubi jikinsa ma: ramukan kusa in sun goge, ko bakin SATA ya yi zane-zane, an taɓa ɗaura shi.

Jabun girma kuwa, a irin naka na cikin destof da wuya ka same shi. Inda abin ya yi katutu shi ne filash da ƙananan akwatunan nan masu ƙyalli da ake rubuta wa tera 8 ko 16 a kuɗin da bai kai na tera 1 ba. In ka fasa wasu, ƙaramin katin memori ne a ciki an manne da gam. Windows zai nuna maka girman da aka rubuta, kwafi zai yi ta tafiya kamar gaske, sai ranar buɗewa ka tarar da fayil babu komai a ciki. Maganinsu manhajar H2testw, yana cika wurin da bayanai sannan ya karanto ya gwada. A had mai tera 4 zai ci kusan kwana guda, ka bari sai ka buɗe sabon ɓangaren ka gwada shi a can in kana so.

Tsohon Hannu:

Assalamu alaikum. Ina karanta ku ina murmushi. Mu da muka yi shagon buga takardu a Samaru lokacin da ɗalibai ke layi da firojet a fulofi, wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, lambar ce kawai take canzawa. Mun ga katangar mega 528, mun ga ta giga 8.4. Wadda ta fi ba mu wahala ita ce ta giga 137. Lokacin bit 28 ake ƙirgawa da shi, ka sayo had mai giga 160 ka sa a XP na farko, ya nuna maka 128 a lissafinsa ya yi shiru. Sai da Service Pack 1 ya fito a 2002 aka samu sauƙi, shi ma sai madabod ta yarda. Mugun abin shi ne in aka yi fatishin a kwamfutar da ke ganin duka, aka kai shi wadda ba ta gani, rubutu yana wuce iyaka sai ya zagayo ya hau kan farkon had ɗin ya cinye tebur. Don haka ɗana, abin da Injiniya ya faɗa maka a kan kes ka riƙe shi da kyau.

Bari in ƙara wani da ba a ambata ba, don masu karatu. Akwai had ɗin waje da ake sayarwa a rufe cikin kes ɗinsa na kamfani, musamman masu tera 3 da 4 na shekarun baya. Wasunsu kes ɗin yana gaya wa kwamfuta cewa sakta bayit 4096 ce maimakon 512, dabara ce don MBR ya iya kaiwa tera 16 kuma XP ya karanta. Ranar da bakin USB ya karye, mai gyara ya fasa kes ya jona had ɗin kai tsaye, sai kwamfuta ta koma ƙirga da 512, duk lambobin tebur su kauce, ta ce RAW, a yi fomat. Kayan suna nan lafiya. A nemo kes irinsa a mayar, ko a bi shi da manhajar TestDisk a kwashe. Yara da yawa a nan suke danna fomat su ce wa mai kaya had ya mutu.

Ɗan Kwangila:

Baba mun gode, wannan na kes ɗin kamfani ban taɓa ji ba. Oga Mai Kyamara in kana neman Ubuntu a filash ina da shi a shirye, ka aiko yaro.

Mai Kyamara, Tudun Wada:

Jama'a ga yadda aka ƙare. Na samu aron had mai tera 2 a wurin wani abokin sana'a, na kai destof ɗin gidan yayana da ke da sola muka kwafa a can. Yawan fayil ya zo ɗaya. Na bi hanyar Malama, na cire kebul ɗin SSD kamar yadda Injiniya ya ce, filash ɗin Ɗan Kwangila ya yi aiki. Da na danna p na ga 2048 da 0700 kamar yadda aka faɗa, na ɗauki hoto, na yi bismillah na danna w. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce masa Y. Abin ko ƙiftawar ido bai kai ba, har na yi zaton bai yi komai ba.

Da na koma Windows foldodina suna nan yadda na bar su, baƙin ɓangaren kuma ya dannu. Ban haɗe su ba. Na bar 2048 ɗin don aikin da aka gama, na yi sabon fatishin da 1678 ɗin don ɗanyen aiki, saboda yarona ya san inda zai taɓa da inda ba ruwansa. CrystalDiskInfo ya nuna shuɗi, 05 da C5 da C6 duk sifili, awannin kuma ba su wuce na zamansa a wurina ba. Mai shago ya fita, Allah ya yafe min zargi. Had ɗin aron zan riƙe shi zuwa ƙarshen wata, ina tara kuɗin nawa na biyu, domin Malama ta sa min tsoron kwafi ɗaya.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Na gama tace bikin amaryar nan, fayil ɗaya ne mai giga 11. Ƙaninta ya kawo filash mai giga 32, babu komai a ciki, amma in na tura sai ya ce fayil ɗin ya yi wa wurin girma. Na gwada wani filash, haka. Su kuma a talabijin ɗin falo suke so su kalla, dangi za su taru ranar Asabar.

'Yar Kongo:

Barka Malam. Wannan ba girman filash ba ne, tsarin fomat ɗin FAT32 ne a kansa, shi kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4 ko da wuri ya kai nawa. Filash mai giga 32 zuwa ƙasa yawanci da shi yake zuwa. Shi ya sa ma kyamara take yanka dogon ɗauka gunduwa-gunduwa a kan ƙananan kati.

Kana iya yi masa fomat zuwa exFAT ko NTFS, fayil ɗin zai shiga. Matsalar talabijin ce: kusan kowace tana karanta FAT32, da yawa suna karanta NTFS, exFAT kuwa tsofaffi ba kasafai suke ganinsa ba. Ka tambayi ƙanin nata sunan talabijin ɗin, ko ka ba shi filash mai NTFS da ɗan gajeren bidiyo ya je ya gwada yau. In ta ƙi, bar filash ɗin a FAT32, ka fitar da bikin kashi-kashi daga manhajar tacewarka, kamu daban, ɗaurin aure daban, dina daban, kowanne ƙasa da giga 4, ka sa musu 1, 2, 3 a farkon suna don su jeru. Ka fitar a MP4 mai H.264, kada ka sa H.265, tsofaffin talabijin ba sa buɗe shi.